Jinya a Ƙasar Waje: Yaushe Mai Jinya Zai Huta?



Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya gidan Bahaushe ya san yadda ake yi. A shiga a gai da marar lafiya, a ce ya jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Allah Ya sa kaffara ne, sannan a waiwaya ga matar da ke tsaye a bakin ƙofa a ce mata ya mai jiki. Ita kuma ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Shi ke nan an gama da ita. Da wuya ka ji an tambaye ta yaushe rabonta da barcin awa shida a jere, ko yaushe rabon da ta taka ƙofar gida in ba asibiti ko kantin magani za ta ba. To wannan bayani a kan wannan mata yake, da kuma namijin da ke cikin irin halin da take ciki, domin akwai su, ko da yake a cikinmu matan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Za mu fi mai da hankali kan Ingila, saboda dokokinta a kan wannan al'amari a fayyace suke, sannan mu taɓo Amurka kaɗan.

Jinyar da muke nufi ita ce ta tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, ko dattijon da gigin tsufa ya kama, ko mai zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, ko yaron da aka haifa da lalurar da ba za ta bar shi ya kula da kansa ba. Irin wannan jinya ba ta da ranar sallama. Ana shigarta da ƙarfi da kyakkyawar niyya, sai a wayi gari an shekara uku, an shekara biyar.

Bambancin nan da gida

A Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi, in tsoho ya kwanta, yawanci gidan a cike yake. Ga 'ya'ya, ga jikoki, ga facaloli, ga maƙwabciyar da za ta leƙo da kunu ta zauna ana hira har la'asar, ga yaron da za a aika sayen magani. Ba ana cewa can babu wahala ba ne, domin ko a can sau da yawa mace guda ce ke ɗauke da mafi nauyin aikin, wato wanka da tsarki da tashin dare. Amma dai tana iya cewa wance riƙe mini Inna in je unguwa in dawo.

A nan kuwa ɗaki biyu ne a hawa na uku, maigida yana aikin dare ko yana tuƙin tasi, yara suna makaranta, maƙwabci ba a san ko sunansa ba, sannan in hunturu ya shigo kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. Shawarar da ta fi saurin zuwa bakin mutane, wato a ɗauko ƙanwa ko 'yar'uwa daga gida ta zo ta taimaka, ba abu ne mai sauƙi ba: bizar ziyara ba ta wuce wata shida, samunta ma sai an dace. Saboda haka aikin da mutum goma ke rabawa a gida, a nan ya taru a kan mutum ɗaya, kuma wannan mutum ɗayan sau da yawa shi ne dai ake jira ya aika kuɗi gida a ƙarshen wata.

Kada mai jinya ta ɗauka ita kaɗai ce. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutum miliyan 5 ne a Ingila da Wels ke jinyar wani nasu ba tare da albashi ba, kuma kimanin miliyan 1.5 daga cikinsu suna yin awa 50 ko fiye a kowane mako. Yawansu ne ya sa aka yi musu dokoki. Matsalarmu ita ce da yawa daga cikinmu ba su ma san cewa su ake nufi ba. Matar da ke kula da uwar mijinta in ka ce mata ita ce Turawa ke kira carer, sai ta ce a'a, ita dai suruka ce kawai. A wajen hukuma kuwa wannan kalma ita ce mabuɗin duk wani taimako.

Abin da gajiya ke yi wa jiki

In mutum ya shiga firgici, jikinsa yana sakin wasu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira kotizol, waɗanda ke sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru a cikin jini, domin a samu ƙarfin gudu ko kokawa. An yi wannan tsari ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce. Mai jinya kuwa nata haɗarin ba ya wucewa. Ko ta kwanta kunnenta yana ɗakin marar lafiya, tana sauraron ko ya faɗi, ko ya buɗe ƙofa, ko numfashinsa ya canza. Jikin da ya daɗe a haka sai barcinsa ya lalace, garkuwarsa ta yi rauni, hawan jini ya samu ƙofar shiga.

An gwada wannan a zahiri. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka sun yi wa mata 13 masu jinyar 'yan'uwansu masu gigin tsufa wani ɗan ƙaramin rauni a fata, suka yi irinsa ga wasu mata 13 sa'o'insu waɗanda ba sa jinya. Na masu jinya ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, na sauran kuwa kwana 39. A 1999 kuma Richard Schulz da Scott Beach na Jami'ar Pittsburgh suka fitar da sakamakon bin diddigin tsofaffi masu jinyar mazajensu ko matansu har tsawon shekara huɗu. Waɗanda suka ce jinyar tana takura su, haɗarin mutuwarsu a wannan tsakani ya ɗara na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100. Abin lura a binciken shi ne, masu jinyar da ba su ji wannan takura ba, ba a ga irin wannan ƙari a kansu ba. Ke nan kula da naka ba shi ke kayar da mutum ba. Rashin sauke kayan ko da na ɗan lokaci, shi ne matsalar.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne, sai dai mun saba ba su wani suna. Ciwon kai da ba ya jin magani, ciwon baya daga ɗaga marar lafiya, farkawa ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa, mantuwa har a rasa ko an ba da maganin safe ko ba a ba da ba, kuka ba dalili a ɗakin girki, daina ɗaga waya in ƙawaye sun kira. Sai kuma wadda ba a son faɗa: fushi. Mace mai haƙuri wadda ba a taɓa jin muryarta ba, sai ta tsinci kanta tana daka wa uwarta tsawa saboda ta tambaye ta abu ɗaya sau ashirin, ko ta fizgi hannunta da ƙarfi wajen sa riga. Daga baya ta zauna tana ganin ta zama 'yar banza, tana tsoron kada albarka ta kuɓuce mata. Wannan ba halinta ba ne ya canza, gajiya ce ta kai maƙura, kuma a daidai wannan gaɓa ce jinya ke fara zama haɗari ga shi kansa marar lafiyar. Duk wadda ta kai nan, ko ta yi mako biyu ba ta jin daɗin komai, ta ga likitanta, wato GP, ta faɗa masa ƙarara cewa jinya take yi. In tunanin gara ta mutu ta huta ya fara zuwa mata, kada ta jira ganin likita sai wani mako: a Birtaniya a kira 111, ko layin Samaritans 116 123 wanda kyauta ne dare da rana, a Amurka kuma 988. In rai na cikin haɗari a take, 999 ko 911.

Maganar kunya

Gaskiyar magana, abin da ya fi hana mu neman hutu ba rashin kuɗi ba ne, tsoron bakin mutane ne. Wa yake so a yi waya gida a ce wane ya kai uwarsa gidan tsofaffi kamar Bature? Wace mata ce za ta yarda dangin miji su ce ta gaji da Hajiya? Ga kuma haƙuri, wanda muka ɗauke shi maganin komai, har ya zama in mace ta ce ta gaji, amsar da za ta samu ita ce ki ƙara haƙuri, lada kike samu. Ladan gaskiya ne, babu mai musu. Amma mai faɗar haka da zai zauna da Hajiya daga azahar zuwa magariba ranar Asabar, da shi ma ya samu rabonsa na ladan, ita kuma ta runtsa.

A ra'ayina akwai kuskure a yadda muke auna biyayya ga iyaye, domin mun mai da ita gwargwadon wahalar da aka sha. Abin da tsohuwa ke bukata shi ne a juya ta a kan lokaci kada gyambon kwanciya ya kama ta, a ba ta magani daidai, a yi mata magana da sakin fuska. Wadda ta yi barci ta fi iya waɗannan duka. Kuma in mai jinya ta faɗi, abin da ake gudun shi zai faru, ta hanya mafi muni: motar asibiti ta ɗauke ta, hukuma kuma ta nema wa tsohuwa gado a duk gidan da aka samu wuri a daren, ba tare da an tsaya zaɓen inda ke da abincin halal ko ma'aikata mata ba.

Ga maigida kuma, a tuna uwarsa ce. Nauyin a wuyansa yake kafin ya kai ga matarsa, abin da take yi kyautatawa ce. In aiki ya hana shi yini, to akwai dare biyu a mako da zai iya kwana kusa da ɗakin tsohuwa, akwai kai ta asibiti, akwai cike takardu da kiran ofisoshi wanda shi kaɗai yana cin awoyi. In mahaifinsa ne ke kwance, wanka da aski da kai shi bayan gida ai sun fi dacewa da shi, kuma dattijon zai fi sakewa.

Abin da doka ta tanada a Ingila

Ƙofar farko ita ce ƙaramar hukumar da kuke zaune a cikinta, wato kansul. Dokar kula da manya ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta ba duk baligin da ke jinyar wani baligi 'yancin a zauna da shi a duba halin da shi kansa yake ciki. Sunan abin carer's assessment, kuma da wannan suna za a nema a sashen kula da manya na kansul. Kyauta ne, ba a duba yawan albashi kafin a yi, ba kuma sai kuna gida ɗaya da marar lafiyar ba. Da yawa daga cikinmu da sun ji an ce soshiyal sai gabansu ya faɗi, suna ganin za a zo a ƙwace musu tsoho ko a binciki yara. Wannan zama ba na tuhuma ba ne. Tambayoyi ne a kan barcinki, lafiyarki, aikinki, da ko kina iya ci gaba a haka.

A nan ne halinmu na cewa da sauƙi ke cutar da mu. In jami'a ta tambaya yaya kike fama, kika ce lafiya lau muna godiya, to abin da za ta rubuta ke nan, ta rufe fayil. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ranar, ki yi mako guda kina rubuta sau nawa kika tashi da dare, awa nawa wanka da ciyarwa suka ci, wane aiki ko karatu kika bari saboda jinya. Ki ba da labarin rana mafi wuya, kada ki ba da na rana mai sauƙi. In Turancin bai zauna ba a nemi tafinta tun wajen sa rana, kada a sa yaron gida ya yi tafinta, domin akwai abin da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba.

Shi ma marar lafiya a nemi a yi masa nasa binciken bukatu, domin ta nan ne ake samun wanda zai karɓi mai jinya. Wannan karɓa ita suke kira respite care, kuma iri-iri ce. Akwai mai zuwa ta zauna da marar lafiya na 'yan awoyi, akwai ma'aikatan da ke zuwa safe da yamma don wanka da sutura, akwai cibiyar yini da ake kai tsofaffi da safe a dawo da su da yamma, akwai kuma kwanan mako ɗaya ko biyu a gidan kula da tsofaffi. Ba lalle ne ya zama kyauta ba. Ana duba kuɗin shiga da ajiyar marar lafiyar, kuma a 2025 wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Kuna da damar cewa mace kuke so ta yi wa tsohuwa wanka, da cewa abinci sai halal, da lokutan salla. A sa a rubuta su cikin tsarin kulawar, kada a bar su a baki.

Akwai wata hanya da ta fi dacewa da mu, amma ba a cika saninta ba. Maimakon kansul ta aiko da ma'aikatan kamfani, tana iya ba da kuɗin kai tsaye, abin da suke kira direct payments, iyali su ɗauki wanda suke so. Ta haka ana iya ɗaukar Bahaushiya daga cikin jama'armu, muddin tana da izinin aiki. A ƙa'ida ba a biyan dangi na kusa da ke zaune gida ɗaya da marar lafiya da wannan kuɗi sai kansul ta amince akwai larura, kuma akwai ɗawainiyar ajiye rasit da lissafin albashi. Amma amfaninsa babba ne, musamman ga mai gigin tsufa, domin wannan ciwo yakan fara cinye harshen da aka koya daga baya. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana aiki da Turanci a Landan sai ka ga ya koma Hausa zalla, ma'aikaciya tana yi masa magana yana kallonta kamar bai taɓa jin yaren ba.

Sai maganar kuɗi. Akwai alawus ɗin mai jinya, Carer's Allowance, ga wanda ke yin aƙalla awa 35 a mako yana kula da mutumin da ke karɓar ɗaya daga cikin kuɗaɗen naƙasa da aka amince da su. A shekarar kuɗi ta 2025/26 fam 83.30 ne a mako, kuma sharaɗi ne kada abin da mutum ke samu daga aiki, bayan an cire haraji da wasu abubuwa, ya wuce fam 196 a mako. Adadin yana canzawa kowane Afrilu. A yi hattara da wannan iyaka, domin ko fam ɗaya aka haura, alawus ɗin makon gaba ɗaya ya tafi. A 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce a Birtaniya kan masu jinya da aka ce su mayar da dubban fam saboda sun ɗan haura iyakar ba su sani ba. Wani abin da ya shafi hutu kai tsaye: ana iya ɗaukar hutun da bai wuce mako 4 ba a cikin kowane mako 26 ba tare da an yanke alawus ba, in an cika sharuɗɗa kuma an sanar da ofishin. Mai niyyar zuwa gida ko Umra ta lissafa kwanakinta da wannan. A Sikotilan an maye gurbin wannan alawus da nasu mai suna Carer Support Payment.

Gargaɗi mai muhimmanci: wanda takardar zamansa ke ɗauke da sharaɗin hana cin kuɗin gwamnati, wato No Recourse to Public Funds, kada ya nemi wannan alawus, domin yana cikin kuɗin da aka hana shi, kuma karɓarsa na iya ɓata masa takardu. Haka kuma karɓar alawus ɗin na iya rage wani kuɗin da marar lafiyar ke samu. A tambayi Citizens Advice ko Carers UK kafin a cike takarda.

Ga masu aiki, tun 6 ga Afrilu 2024 doka ta ba ma'aikaci a Ingila da Wels da Sikotilan hutun mako guda a shekara don jinya, tun daga ranar da ya fara aiki. Babu albashi a ciki, amma ana iya yanka shi rabin yini rabin yini, kuma mai aikin ba shi da ikon hanawa, sai dai ya ɗaga zuwa wani lokaci. A kuma gaya wa asibitin GP su rubuta ki a matsayin mai jinya, domin ta haka ake kiran mutum allurar mura kyauta. Yaran da ba su kai 18 ba da ke taya jinya su ma doka ta ba su 'yancin a duba halinsu. A lura da 'yar fari musamman, wadda takan zama uwa ta biyu a gida har karatunta ya fara ja da baya ba wanda ya ankara.

A Amurka

Can tsarin ya danganta da jiha. Dokar tarayya ta 1993 da ake kira FMLA ta ba da hutun mako 12 ba albashi, amma sai wanda ya yi shekara guda da awa 1,250 a wurin aikin, kuma wurin yana da ma'aikata 50 ko fiye. Abin da zai ba matanmu mamaki shi ne dokar ta ƙunshi miji ko mata, da 'ya'ya, da iyaye, amma ba ta ƙunshi surukai ba. Jihar Niyok, inda 'yan'uwanmu suke da yawa a Bronx, tana da nata hutun na mako 12 mai biyan kashi 67 cikin 100 na albashi zuwa wata iyaka, kuma nata ya haɗa da surukai. Don sanin masu karɓar mai jinya a yankinku a kira Eldercare Locator a 1-800-677-1116. Wanda kuma ciwonsa ya kai matakin da aka sa shi a tsarin kulawar ƙarshen rayuwa na Medicare, ana iya kwantar da shi har kwana 5 a jere domin iyali su huta.

Abin da ba ya bukatar hukuma

Takardun kansul suna ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, don haka kada a zauna jiransu. Mun san aikin gayya, mun san adashi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ke kashe taimako a tsakaninmu shi ne maganar nan ta in kina bukatar wani abu ki faɗa. Ba za ta faɗa ba. Mai son taimako ya yanke da kansa: ranar Laraba daga ƙarfe biyu zuwa biyar ina nan. Mata huɗu in kowace ta ɗauki yammaci ɗaya a wata, mai jinya ta samu yammaci guda kowane mako wanda ta san nata ne, kuma sanin cewa yana tafe shi kansa yana rage nauyi. Ita ma mai jinya ta koyi roƙon abu takamaimai. Maimakon na gaji, ta ce Yaya, ina so ka karɓe ni daren Juma'a da na Asabar har ƙarshen wata.

Masu dubiya kuma a ji tsoron Allah. Mutum takwas su zo ba sanarwa ranar Lahadi, a zauna har bayan isha, mai jinya tana ɗakin girki tana tuƙa tuwo, wannan ƙarin aiki ne. A yi waya tukuna, a zo da abincin da za a sa a firji, a wanke kwanukan da aka tarar.

'Yan'uwan da ke gida su ma suna da abin yi ban da aiko da shawara da sunayen magunguna ta WhatsApp. Ƙanwa a Katsina tana iya ɗaukar awa guda kullum tana hira da tsohuwa ta bidiyo, a yi labarin mutanen da da bukukuwan da, mai jinya ta samu ta yi wanka a natse. Za su iya kuma ɗaga mata ƙafa a kan buƙatun kuɗi. In kuwa abin a juye yake, wato tsohon yana gida kai kana nan kana aika kuɗi, to ka tuna kuɗin magani daban, hutun 'yar'uwarka da ke kwana da shi daban. Ka ware abin da za a biya wanda zai karɓe ta, kuma in ka je gida ka karɓi jinyar na 'yan kwanaki, kada ka zama baƙo na biyu da za ta yi wa hidima.

In hutun ya samu, a yi hutun. Da yawa sukan ɓatar da awa ukun a share-share da guga. Barci ya fi, ko tafiyar ƙafa ta minti talatin, ko zuwa wajen ƙawa, ko ganin likita don ciwon da aka yi wata shida ana ɗagawa. Hukumar lafiya ta NHS tana ba masu duhun fata, da waɗanda ba sa fita rana sosai, shawarar shan bitamin D maikurogiram 10 kullum duk shekara, kuma mai jinya Bahaushiya ta shiga duka rukunin biyu. Wasu wahalhalun ma kayan aiki ne maganinsu: gado mai ɗagawa, na'urar ɗaga marar lafiya, kujerar wanka, kunzugun manya. A nema ta hannun kansul ko nas ɗin unguwa, a kuma nemi a koya muku yadda ake ɗaga mutum ba tare da an karya baya ba. In mai gigin tsufa ya rikice fiye da kullum cikin kwana ɗaya ko biyu, a kira likita a ranar, domin sau da yawa ciwon fitsari ne ko wani ciwon da ke jin magani.

Sau da yawa shi marar lafiyar ne zai ƙi. Hajiya za ta ce ita baƙuwa ba za ta taɓa jikinta ba. Kada a yi mata gardama, kada kuma a fasa. A fara da baƙuwar ta zo shan shayi kina nan, sau biyu ko uku. Sannan ki fita na rabin awa, sannan awa biyu. Wanka ya zo daga ƙarshe, bayan an saba. Wasu tsofaffin sun fi karɓar maganar in daga bakin likita ko babban ɗansu ta fito.

Kafin ranar farko da za ki bar ta da wani, ki rubuta takarda ɗaya ki manna a jikin firji: sunayen magunguna da lokutansu, abin da ba ta ci, abin da ke tayar mata da hankali da abin da ke kwantar da shi, lambar GP, da lambar mutum biyu da za a kira in ba a same ki ba. In mai karɓar ba ta jin Hausa, a ƙara mata 'yan kalmomi da ma'anarsu: ruwa, ciwo, sanyi, bayan gida, salla, sannu. Wannan takarda ita ce kuma za ta yi aiki ranar da ke kanki kika kwanta ba shiri. Kansul da yawa suna ba da ɗan katin da mai jinya ke sawa a jaka, mai nuna cewa akwai wanda ya dogara da ita a gida, domin in haɗari ya same ta a hanya a san akwai tsohuwar da ke jira a ɗaki. A tambaye shi a ranar da aka zo zaman binciken.